Laifi Tudu Ne: Yaron Gudu, Itacen Kwamfuta da Dajin da Muka Cinye

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce mun sauka a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Gudu ta birnin Abuja. Da yamma, bayan an yi la'asar, sai muka tarar da ɗan maigidan, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya sunkuya a kan kwamfuta yana ta dannawa, ko sallamarmu bai ji ba. Da muka leƙa sai muka ga wani mutum-mutumi ne a cikin allon yake ta naushin gindin bishiya da hannu. Muka ce, "Kai, me kake yi haka?" Ya ce, "Baffa, itace nake tarawa kafin dare ya yi." Wani dattijo daga cikin baƙin gidan, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya girgiza kai ya ce ai wannan shi ne abin da ya lalata 'ya'yan zamani, ana koya musu sare daji tun suna cikin ɗaki, kuma da shi ke da iko da ya hana wannan wasa shigowa ƙasar baki ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai. A daidai wannan lokaci, a bayan gida, ana hura gawayi a kurfoti domin dafa mana tuwon dare.

Mun sha jin irin wannan magana ta dattijon a wuraren taron suna da ɗaurin aure, har ma a ɗakin shan shayi na malamai. Manufarmu a wannan rubutu ita ce mu ƙalubalance ta, domin a ganinmu magana ce ta mai neman wanda zai ɗora wa jakar tsaba. Yaron bai sare ko reshe ɗaya a dajin Allah ba. Waɗanda suka cinye dajin, suka kuma bar sunayen itatuwansa suna ɓacewa daga bakin 'ya'yansu, su ne mu, iyaye da malamai, musamman mu da muke cin abinci da sunan harshen Hausa.

Ya kamata mu fara da bayanin wasan, tun da yawancin masu sukarsa ba su taɓa zama sun kalle shi na minti biyar ba. Sunansa Minecraft. Wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ne ya ƙirƙiro shi, ya fara sakinsa a shekarar 2009, aka kammala shi a 2011. A 2014 kamfanin Microsoft ya saye shi tare da kamfanin Mojang da ke yin sa a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa shekarar 2023 an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Wasa ne irin wanda ake sakin ɗan wasa a cikin fili ya gina abin da ya ga dama, kamar dai yadda yaran ƙauye ke gina gari da jiƙaƙƙen yashi bayan ruwa ya ɗauke. Ɗan wasa yakan fara ne hannu rabbana, ba gatari ba wuƙa. Abu na farko da zai yi shi ne neman bishiya. Gungume ɗaya yana ba da katako huɗu, katako biyu suna ba da sanda huɗu, katako huɗu kuma su ne teburin sana'a wanda a kansa ake haɗa sauran kaya. Da katako uku da sanda biyu ake yin diga ta farko, da ita ake fasa dutse, da dutse takwas ake gina murhu, a murhun kuma ake ƙona gungume ya zama gawayi. Yini da dare a wasan minti 20 ne kacal, kuma wanda duhu ya riske shi bai yi ɗaki ba, dodanni ne za su far masa. Ke nan gaggawar da yaron yake yi tana da dalili.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa zai gane wannan jeri ba tare da an yi masa tafinta ba. Sai da ƙota ake fartanya, sai da gawayi maƙeri ke hura wuta, sai da azara ake rufa soro, sai da turmi hatsi ke zama tuwo. Abin da wasan ya sa yaron ya fahimta da yatsunsa, wato cewa itace shi ne mafarin kowace sana'a, shi ne abin da kakansa ya sani tun kafin ya yi wayo. A wannan fuska wasan bai zo da baƙon abu ba.

Amma kada a ɗauka mun zo yi wa kamfanin Turawa talla. Akwai ƙarya a cikin wasan, kuma wajibi ne a faɗe ta. A can, idan ka sare gindin bishiya, sauran jikinta na nan tsaye a sararin sama ba ya faɗuwa. Dashen da ka kafa yakan zama cikakkiyar bishiya cikin 'yan mintoci, in kuwa ka zuba masa garin ƙashi sai ya girma nan take. Dajin ba ya ƙarewa, domin duk inda ɗan wasa ya nufa na'ura za ta shimfiɗa masa sabo. Ba zaizayar ƙasa, ba rijiyar da ke ƙafewa, ba guguwar da ke yaye rufi don an rasa abin da zai tare ta. Idan dattijonmu na Gudu wannan yake nufi, to, yana da hujja, kuma mun karɓa.

Sai dai tambayar da muke yi ita ce, wa ya fi gaskata wannan ƙarya, yaron ko mu? Yaron ya san wasa yake yi, yana kashe na'ura ya tashi ya ci tuwo. Mu kuwa shekara da shekaru muna mu'amala da dajin gaske tamkar dai wata na'ura ce ke shimfiɗa mana sabo. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Keffi, ko zuwa Kaduna, ko zuwa Lokoja, ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi kamar katanga. Motocinmu ne ke tsayawa, mu ne ke buɗe but mu loda. Kasuwannin katako na Kugbo da Dei-Dei ba su cika da kaya don yara suna wasa ba, sun cika ne don muna gina gidaje muna sayen gadaje da kujeru, kuma cikin masu saye da wuya ka sami wanda ya taɓa tambayar daga wane daji aka yanko. Ba mu ce laifi ne mutum ya dafa abinci ko ya rufa ɗakinsa ba. Uwar gida da tsadar gas da kananzir ta kora zuwa ga gawayi ba ta da zaɓi, kamar yadda iyayenmu mata ba su da zaɓi a shekarun 1990 lokacin da suka koma ga murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya ci moriyar saran ya kuma juyo ya nuna yaro da yatsa.

Alal misali, mu ɗauki madobiya. Bishiya ce da Bahaushe ya sani tun fil azal, mai fitar da fure ruwan ɗorawa a lokacin rani, wadda makiyaya ke sassabo ganyenta su ba dabbobi. Daga wajajen 2013 'yan kasuwa suka gano cewa masu yin kayan ɗaki na alfarma a ƙasar Sin suna neman jan itacenta ruwa a jallo. Cikin 'yan shekaru aka bi dazuzzukan Kogi da Taraba da maƙwabtansu da injin yanka. A 2017 wata ƙungiyar binciken muhalli mai suna EIA ta fitar da rahoton da ya ce gungumen madobiya kimanin miliyan 1.4 daga Nijeriya, waɗanda kuɗinsu ya kai wajen dala miliyan 300, sun shiga ƙasar Sin da takardun izinin da aka bayar bayan an riga an yi sara an yi lodi. A 2018 hukumar yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta dakatar da fitar da wannan itace daga Nijeriya. Bishiyar da ke ɗaukar shekaru gommai kafin ta isa sara, aka kwashe ta cikin ƙasa da shekara goma. Da ɗan acaɓa mai nuna hanya, da mai unguwar da ya karɓi goro, da jami'in da ya buga hatimi, da attajirin da ya yi hayar tirela, duk manya ne masu gemu, kuma ba wanda ya koyi sana'ar a kwamfuta.

Hasali ma, a nan ne yaron Gudu ya kunyata mu. A cikin wasan, idan an sare gungumen bishiya, ganyenta yakan zube a hankali ya bar dashe a ƙasa. Mun ga yaron yana tsince waɗannan dashe yana kafa su a jere a bayan ɗakin da ya gina. Muka tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce ba kowa, in bai dasa ba gobe sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami itace, dare kuma zai same shi a hanya. Wannan lissafi na ɗan shekara goma sha ɗaya ya fi ƙarfin da yawa daga cikin masu tsara mana manufofi. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, babban baƙo ya sunkuya da babbar riga ya kafa dogon yaro ɗaya, a ɗauki hoto, a watse, awaki su zo su gama aikin. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, kuma a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a dasa itatuwa miliyan 25. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Wanda zai koma bayan wata uku da bokitin ruwa ya duba ko dashen ya kama, shi ne ba mu da shi.

Kuma kada wani ya ce abin ya gagari Bahaushe. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka shawo kan manoma su riƙa barin toho mafi ƙarfi, su rage sauran, su kare shi. Hausawan can suka kira dabarar sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Da yawa daga cikinsu gawo ne, bishiyar nan mai zubar da ganye da damina ta bar gero ya sha rana, ta kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman abinci. Manoman da suka yi wannan aiki harshenmu suke yi, wuƙa da lauje kawai suka riƙe, kuma ruwan samansu bai kai rabin na Abuja ba.

Yanzu sai mu zo ga ɓangaren da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Bayan yaron ya gama dashensa, mun ce ya faɗa mana irin itatuwan da ke cikin wasan. Nan take ya jero guda takwas da Turanci, ya faɗi launin katakon kowanne da inda yake tsirowa. Yawancinsu itatuwan ƙasashen sanyi ne, amma a cikinsu akwai ɗaya mai shimfiɗaɗɗen kai irin dangin bagaruwa da ƙaro. Sai muka ce to, ya faɗa mana itatuwa biyar da Hausa. Ya ce mangwaro, ya ce gwaiba, ya ce dogon yaro, ya yi shiru. Duka ukun baƙi ne da aka kawo daga wasu nahiyoyi. Bai san ɗorawa ba ko da yake yana cin daddawa kullum. Bai san kaɗanya ba ko da yake da manta aka shafe shi yana jariri. Bai san cewa unguwar Durumi da ke maƙwabtaka da su, wadda yake wucewa kullum a mota, sunanta a Hausa sunan bishiya ne mai inuwar da ake zaman fada a ƙarƙashinta ba.

Wannan ba laifin mutumin Suwidin ba ne. Shi ya yi wa itatuwan ƙasarsu hidima, ya sa su a inda yaran duniya za su haddace su ba tare da bulala ba. Mu me muka yi wa namu? Bahaushe ya bambanta bishiya da itace, ya bambanta gungume da kututture, ya san ƙirare da faskare da dirka da azara, ya san toho daban dashe daban. Masassaƙi ya san ƙirya ce ke yin turmi da taɓarya masu ƙarko, maƙeri ma gawayinta yake nema. Malamin tsangaya ya san aduwa ce ke yin allo. Magini ya san azarar giginya ce gara ba ta ci da sauƙi. Masunci ya san maɗaci ne ke yin jirgi. Unguwannin Kano irin su Ɗorayi da Giginyu da Kurna, da na Kaduna irin su Kawo da Unguwar Rimi, duk sunayen itatuwa ne suke ɗauke da su. Wannan ilimi ne cikakke, mai ƙa'idoji, domin a gonar Bahaushe ta da ba a sare ɗorawa ko kaɗanya ko kuka haka kawai, har gadonsu ake yi, kuma mata busasshen ƙirare suke tsinta su bar ɗanye. Ba mu ce mutanen da ba su yi ɓarna ba, sun yi, amma sun san sunan abin da suke sarewa da abin da za su rasa in ya ƙare.

Abin kunya shi ne, wanda ya fara tattara sunayen tsirran Hausa a littafi guda likitan mulkin mallaka ne, J. M. Dalziel, a shekarar 1916. Bargery ya biyo baya da ƙamusunsa a 1934, cike da sunayen itatuwa da amfaninsu. Fiye da shekara ɗari ke nan da aikin Dalziel, kuma a yau muna da sassan Hausa a jami'o'i da kwalejoji daga Sakkwato har Maiduguri. Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan jigo da salo a littafi ɗaya da aka riga aka yi wa kundi ashirin. Nawa ne aka tura su zauna da tsohon masassaƙi su rubuta kalmomin sana'arsa kafin ya kwanta dama? Marubutanmu na zube suna cika shafuka da bayanin falo da labule da mota, amma in jaruma ta fita lambu sai a ce ta zauna ƙarƙashin "wata bishiya". Mawaƙan baka na da ba su san "wata bishiya" ba, kowace suna ambaton ta da sunanta su yi kirari da ita. Kalmar da marubuci bai rubuta ba, malami bai koyar ba, uwa ba ta faɗa a gida ba, ta yaya yaron da aka haifa a bene a Gudu zai same ta?

Wani zai ce ai Abuja ba ƙasar Hausa ba ce, kuma haka ne. Ƙasar Gbagyi ce da wasu ƙabilu kafin dokar 1976 ta mai da ita babban birnin tarayya, gwamnati kuma ta tare a 1991. Su ma Gbagyi, waɗanda matansu suka shahara da ɗaukar itace a kafaɗa, suna da nasu sunayen da nasu kukan a kan dajin da aka mai da kwalta da siminti. Wannan bai sauke mana nauyi ba, sai ma ƙara shi da ya yi, domin yaron Bahaushe da ya tashi a nan ba shi da kaka a kusa, ba shi da gona a bayan gari. Abin da ya rage masa shi ne littafi da allon na'ura, kuma mu ne ya kamata mu shiga duka biyun.

Don haka shawararmu ba ta hani ba ce. Hana yaro wasa bai taɓa koya masa sunan marke ba. Na farko, sassan Hausa su mayar da tattara kalmomin itatuwa da na sassaƙa wani ɓangare na aikin fili na ɗaliban ajin ƙarshe, kowane ɗalibi a garinsu, da hoto da muryar mai sana'a. Na biyu, mu shiga inda yaran suke. Masu sa kai ne ke fassara wannan wasa zuwa harsunan duniya, kuma Yarabanci da Ibo suna cikin jerin. Mu tambayi kanmu mutum nawa daga cikinmu ya taɓa sa hannu a irin wannan aiki, alhali kalmomin gungume da katako da gatari da gawayi suna nan a bakinmu. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai take amfani da wasan wajen sa matasa su zana filayen unguwanninsu, an kuma fara ne daga Nairobi. Ba abin da zai hana malamin Hausa ya sa ɗalibansa su gina gonar kakanninsu a ciki, su sanya wa kowace bishiya sunanta. Na uku, marubuta masu tasowa da ke aiko wa wannan mujalla gajerun labarai da waƙoƙi su daina rubuta "wata bishiya". In ba su san sunanta ba su tambaya. Na huɗu, duk malamin da ya sayi buhun gawayi a hanyarsa ta dawowa daga Abuja, ya kafa dashe ɗaya a ƙofar gidansa, ya kuma shayar da shi har ya fi ƙarfin akuya.

A Gudu ɗin nan akwai babbar maƙabarta, inda ake kai talaka a kai mai mulki. Duk wanda ya taɓa raka gawa a ƙasar Hausa ya san cewa bayan an sa mamaci a makwancinsa, itace ake jerawa a kansa kafin a zuba ƙasa, kuma a garuruwa da yawa masu kula da maƙabartu sun fara roƙon jama'a su taimaka da shi don ya yi wuya. Abin da muke buƙata tun daga allon karatu har zuwa kabari bai kamata mu bar shi ga sa'a ba. Mun baro yaron yana ta kafa dashensa a cikin na'ura, kuma kafin mu tafi mun rubuta masa sunayen itatuwa goma a takarda, muka yi masa alkawarin in ya zo gida hutu za mu kai shi bayan gari ya ga kowace da idonsa. Da muka koma gida muka zagaya don mu tabbatar, sai muka tarar uku daga cikin goman babu su a duk faɗin gonakin garinmu. Allah Ya sa mu farga tun sauran bakwai ɗin suna tsaye.